Japanawa Masu Zane a Ƙasar Amurka

Mutanen Nijeriya ta Arewa da yawa sun fara jin sunan Japan ne daga bakin sojojin da suka komo daga yaƙin Bama, wanda aka gama cikin 1945. Saboda haka in an ambaci Japanawa, abin da ya ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne daji da bindiga. Amma tun shekara arba'in kafin wannan yaƙi, akwai waɗansu samarin Japan da suka bar gida suka tafi baƙunci, ba su riƙe da makamin kome sai tawada da burushi. Sana'arsu zane, watau fitar da surar mutum, ko ta dabba, ko ta dutse da kogi, a kan takarda ko ƙyalle, da hannu, ba da na'urar ɗaukar hoto ba.

A ƙasashen Turai da Amurka mai zane ba ya kasa kayansa a bakin kasuwa. Sai ya tara abin da ya zana, a rataye su a bangon wani gida, a buɗe wa jama'a su shiga su duba, kamar dai yadda a ke yin nunin amfanin gona. Masana su kan zo su gani, sa'an nan su rubuta ra'ayinsu cikin jarida, ko yabo ko suka. Nuni ne kasuwar mai zane, kuma a nan a ke yanke masa hukunci. Akwai ƙananan gidajen nuni na 'yan kasuwa, akwai kuma manya na birni, waɗanda ba kowa a ke bari ya shiga da aikinsa ba. Darajar da ta fi duka kuwa ita ce gwamnati ta zaɓi aikin mutum, ta kai shi wata ƙasa, ta ce ga irin abin da mutanenta su ke iyawa.

Ƙasar Japan ta yi fiye da shekara 200 a rufe. Masu mulkinta sun hana baƙi shiga, sai kaɗan da aka yi wa izinin ciniki a Nagasaki, sun kuma hana 'yan ƙasa fita. Cikin 1853 wani hafsan jiragen ruwan Amurka mai suna Perry ya zo da jiragen yaƙi ya tilasta a buɗe ƙofa. Cikin 1868 mulki ya koma hannun Sarki Meiji, ƙasar ta juya ta shiga koyon ilmin Turawa da gaggawa. Zanen Japan ya riga masu zanen fita. Hotunan da Hokusai da Hiroshige suka yi, waɗanda a ke sassaƙawa a jikin katako a buga a takarda kamar hatimi, sun isa birnin Faris, masu zanen Faransa suka yi ta rububinsu, har Van Gogh ya zauna ya kwaikwayi na Hiroshige da hannunsa cikin 1887. Mutanen kuwa sun biyo baya ne a kan lebura. Daga 1885 dubbai suka tafi tsibiran Hawaii noman rake, daga can waɗansu suka zarce Kalifoniya da sauran garuruwan gaɓar yamma ta Amurka.

To, Amurkawa sun so hoton Japan a bangon ɗakunansu, amma da yawansu ba su so Bajapane a unguwarsu ba. Cikin 1913 jihar Kalifoniya ta hana su mallakar gona. Cikin 1922 wani mai suna Takao Ozawa, wanda ya yi fiye da shekara 20 a ƙasar, ya yi karatu a makarantunta, Turanci ya ke yi da iyalinsa a gida, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli yana neman a ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Alƙalai suka ce doka ta yarda a ba farar fata da zuriyar Afirka kaɗai, shi kuwa ba ya cikin ko ɗaya. Cikin 1924 aka rufe ƙofa gaba ɗaya, aka hana sababbin baƙi zuwa daga Japan. Ɗan da aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne, amma ubansa baƙo ne har ya mutu. Wannan doka ita ce ta bi mutanen nan biyu da za a ba da labarinsu, ta yi ta binsu kusan duk tsawon ransu.

Na farko shi ne Yasuo Kuniyoshi. An haife shi a garin Okayama cikin 1889, ya tashi zuwa Amurka cikin 1906, shi kaɗai, yana ɗan shekara goma sha shida. Bai tafi don zane ba. Nufinsa ya koyi Turanci ya komo gida ya zama tafinta. Ya sauka a Seattle, ya yi aikin ƙarfi a wajen 'yan reluwe, sa'an nan ya gangara Los Angeles, yana aikin otel, yana tsinkar 'ya'yan itatuwa a gonaki, yana kuma zuwa makaranta. A nan wani malami ya ga yadda hannunsa ya ke fitar da sura, ya ba shi shawara ya shiga makarantar zane. Cikin 1910 ya koma New York, ya sha yunwa da sanyi shekaru, kafin cikin 1916 ya shiga makarantar da a ke kira Art Students League. Wani mai hali, mai son zane, Hamilton Easter Field, ya ɗauke shi ya ba shi wurin zama da wurin aiki. Cikin 1919 ya auri wata 'yar ajinsu mai suna Katherine Schmidt, Ba'amurkiya haifaffiya. Bisa ga dokar zamanin, macen da ta auri baƙo ta bi mijinta, saboda haka auren nan ya sa aka cire ta daga cikin 'yan ƙasa.

Nuninsa na farko na shi kaɗai an yi shi cikin 1922 a gidan nuni na Daniel a New York. Abin da ya fi zanawa a lokacin shanu ne, da yara, da gonaki, shanun nan kuwa masu kusurwa-kusurwa, ba irin waɗanda makiyayi zai yarda ya saya ba. Ya kan ce ai a shekarar sa aka haife shi, don Japanawa suna laƙaba wa kowace shekara sunan dabba. Kafin zanen ya fara ciyar da shi, da na'urar ɗaukar hoto ya ke samun abinci, yana ɗaukar hotunan ayyukan waɗansu masu zane. Ya je Faris cikin 1925, ya sake zuwa cikin 1928, daga nan ya koma zanen mutane masu rai da ya ke zaunarwa a gabansa, galibi mata masu wasan tsalle-tsalle, zaune cikin gajiya da tunani.

Cikin 1929 aka buɗe sabon gidan nunin zanen zamani a New York, wanda a ke kira Museum of Modern Art. Nuninsa na biyu na Amurkawa 19 ne masu zane waɗanda su ke raye, aka kuwa sa Kuniyoshi a cikinsu. Sai gardama ta tashi a jaridu. Waɗansu suka ce ta yaya za a kira mutum Ba'amurke alhali doka ta ce ba shi ba ne? Masu gidan ba su sauke zanensa ba. Gaskiya kuwa tana wajensu, don a Amurka ya koyi sana'ar tun daga baƙi har wasali, malamansa Amurkawa, abin da ya ke zanawa ma na can ne.

Cikin 1931 ya sami labarin mahaifinsa ba shi da lafiya, ya tafi Japan bayan shekara 25. Aka karɓe shi da girmamawa, aka yi nunin ayyukansa a Tokyo da Osaka da Okayama. Amma ciniki bai yi ba. A Amurka an sha cewa zanensa yana da ƙanshin Gabas, a Japan kuwa sai aka ce ai wannan aikin Bature ne. A wannan shekara ce kuma sojan Japan suka afka wa Manchuria ta ƙasar Sin, ya ga yadda soja suka hau kan kome, abin bai yi masa daɗi ba. Ya koma New York, mahaifin ya rasu ba da daɗewa ba bayan tasowarsa, bai ƙara taka ƙasar Japan ba. Daga 1933 ya zama malami a makarantar da ta koyar da shi.

Na biyun, Chiura Obata, shi ma a lardin Okayama aka haife shi, cikin 1885, amma a Sendai ya girma, a gidan wansa wanda ya ke mai zane ne. Shi kam da sana'arsa ya fita. Tun yana ɗan shekara bakwai aka sa shi koyon zanen tawada, ya kuma yi almajiranci a Tokyo wajen manyan gwanaye. Ya isa Amurka cikin 1903, da nufin ya tara guzuri ya wuce Faris, sai San Francisco ta riƙe shi. Ya yi aikin boyi a gidajen Turawa. Sa'ad da girgizar ƙasa da gobara suka rushe birnin cikin 1906, ya bi kango-kango yana zana abin da ya gani. Daga baya ya riƙa yi wa jaridun Japanawa na birnin hotuna. Cikin 1921 shi da waɗansu abokai, Japanawa da Sinawa da Turawa, suka kafa ƙungiya mai suna East West Art Society, watau jam'iyyar zanen Gabas da Yamma, don su riƙa nuna ayyukansu tare a bango ɗaya.

Abin da ya ɗaga sunansa tafiya ce da ya yi cikin 1927 zuwa duwatsun Yosemite, shi da wani malamin jami'a mai suna Worth Ryder. Suka yi makonni suna kwana a tanti, yana zana tafkuna da itatuwa da ƙanƙarar kan duwatsu. Da ya je Japan cikin 1928 saboda rasuwa a gidansu, sai ya kai waɗannan zane-zane ga masu sassaƙa da masu bugu na gidan Takamizawa a Tokyo, aka fitar da hotuna 35, aka gama cikin 1930. Aiki ne mai cin rai, gama kowane launi da kowace inuwa sai an sake ɗora takardar a kan katako, har akwai hoton da aka buga fiye da sau ɗari kafin ya cika. Dutsen Kalifoniya ne, amma hannun da ya fitar da shi da dabarar duk na Japan. Cikin 1932 Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta ɗauke shi koyarwa. Matarsa Haruko kuma tana koya wa matan gari yadda Japanawa su ke jera furanni.

Ana nan, ran 7 ga Disamba 1941, jiragen saman Japan suka kai hari Pearl Harbor. Cikin kwana ɗaya duk Bajapanen da ba ɗan ƙasa ba ya zama baƙon abokan gaba, ga shi kuwa dokar ce da kanta ta hana shi zama ɗan ƙasa. Ran 19 ga Fabrairu 1942 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a umurni mai lamba 9066. Da shi soja suka kwashe wajen mutum 120,000 daga gaɓar yamma, kashi biyu cikin uku haifaffun Amurka, aka zuba su a sansani goma cikin hamada da fadama, aka kewaye da waya mai ƙaya. Ba a kai ko ɗayansu gaban alƙali ba kafin a tsare shi.

Obata da iyalinsa aka fara kai su Tanforan, wani filin sukuwa kusa da San Francisco, inda aka mai da bargar dawaki ɗakin kwanan mutane. Wani a halinsa da sai ya zauna ya yi tagumi. Shi kuwa bai yi wata guda ba ya buɗe makarantar zane, shi da abokinsa George Matsusaburo Hibi da waɗansu. Almajirai suka kai wajen 600, daga 'yan shekara shida har tsofaffi masu saba'in. Abokansa na jami'a suka riƙa aiko da takarda da fenti. Cikin Satumba 1942 aka ɗebe su zuwa Topaz, cikin hamadar jihar Utah, wurin da ƙura ta ke shiga ta kowace kafa, makarantar ta bi su can. An hana mutanen sansani riƙe na'urar ɗaukar hoto, saboda haka yawancin abin da aka sani na kamannin zaman nan daga ciki, masu zane ne suka adana shi: layin karɓar abinci, da hasumiyar masu gadi, da guguwar ƙura. Wata malamar makarantar, Miné Okubo, ta tara nata ta fitar da littafi cikin 1946, ta sa masa sunan lambar da aka ba gidansu, 13660. Ɗaya daga cikin zanen Obata, na hasken farin wata a kan Topaz, har an kai wa uwargidan Shugaba Roosevelt kyauta.

Amma zaman tsare ya kan ɓata tsakanin mutane. Cikin 1943 gwamnati ta raba takardar tambayoyi, tana son kowa ya faɗi ko yana biyayya ga Amurka, sansani ya rabu biyu. Da ya ke Obata yana shiga wajen masu mulkin sansanin saboda sha'anin makaranta, waɗansu suka zarge shi da zama ɗan rahoto. Cikin Afrilu wani ya tare shi da dare ya buge shi da ƙarfe a ka. Ya yi kwanaki a asibiti, sa'an nan aka sallame shi da iyalinsa, suka tafi birnin St. Louis inda ɗansa Gyo ya ke karatu. Wannan ɗan ne daga baya ya zama babban mai tsara gine-gine, kamfaninsu ne ma ya tsara filin jirgin sama na Sarki Khalid a Riyad.

Kuniyoshi, da ya ke a gabas ya ke zaune, ba a kai shi sansani ba. Amma an riƙe kuɗinsa na banki, an karɓe na'urarsa ta ɗaukar hoto, ba ya kuma tafiya sai da izini. Ya miƙa kansa ga ofishin watsa labaran yaƙi, ya zana musu hotunan zaluncin sojan Japan, ya rubuta jawabai waɗanda aka karanta wa mutanen Japan ta rediyo. Mai karatu zai iya cewa tsoro ne ya sa shi, kuma ba shakka akwai tsoro. Sai dai tun kafin yaƙin ya ke sukar abin da sojan ƙasarsu su ke yi a Sin, lokacin da babu wanda ya tilasta shi. Zanensa na waɗannan shekaru duhu ya yi musu yawa, akwai ma na wani dokin wasan yara marar kai wanda ya ɗaga ƙafa yana son tsalle. Cikin 1944, ana tsakiyar yaƙi, alƙalan babban nunin Carnegie a Pittsburgh suka ba shi lambar farko, waɗansu suka yi ta gunaguni an ba abokin gaba.

Ya kamata a dubi wani ɗan'uwansu a sana'a wanda ya bi wata hanya dabam. Tsuguharu Foujita ya je Faris cikin 1913, ya yi suna ƙwarai tun daga 1921 saboda wani irin farin launi mai kama da madara da ya ke sa wa jikin mutum, da kuma kyanwoyin da ya ke zanawa. Da yaƙi ya zo yana Japan, ya zana wa soja manyan hotunan fagen fama. Bayan an ci Japan sai abokan sana'arsa suka ɗora masa laifi, ya bar ƙasar cikin 1949. Faransa ta ba shi takardar ɗan ƙasa cikin 1955, ya rasu cikin 1968 bai koma ba.

Ƙarewar yaƙi ba ta kawo wa Kuniyoshi hutu ba. Cikin 1946 ma'aikatar harkokin waje ta Amurka ta sayi zanen fenti 79 na masu zanen zamani, don a zaga da su ƙasashe a nuna cewa Amurka ba injuna kaɗai ta iya ba. Wani kashi ya tafi Faris da Prague, wani ya tafi Cuba da Haiti. A cikinsu akwai na Kuniyoshi, na wata mace mai jiki, 'yar wasan tsalle-tsalle, tana hutawa kusa da kwanon 'ya'yan itatuwa. Jaridu suka ɗauki hoton nan suka yi ta bugawa suna dariya, suna cewa ga inda kuɗin haraji ya ke tafiya. 'Yan majalisa suka ce masu zanen 'yan kwaminis ne. Shugaba Truman da kansa ya yi masa ba'a. Cikin 1947 aka kira nunin gida, cikin 1948 aka yi gwanjon kayan da araha ƙwarai, kamar yadda a ke sayar da ragowar kayan soja. Wata makaranta a Auburn ta jihar Alabama ta sayi da yawa, har da na macen nan.

Duk da haka abokan sana'arsa ba su sake shi ba. Cikin 1947 suka zaɓe shi shugaban farko na sabuwar ƙungiyarsu mai kare hakkin masu zane. Cikin 1948 gidan nuni na Whitney, wanda aka kafa don zanen Amurka kaɗai, ya tara ayyukansa tun daga na farko ya yi masa nuni, shi ne kuwa mai rai na farko da gidan ya yi wa haka. Cikin 1952 aka zaɓi mutum huɗu su wakilci Amurka a babban nunin duniya da a ke yi kowace shekara biyu a birnin Venice ta Italiya: Alexander Calder, da Stuart Davis, da Edward Hopper, da Yasuo Kuniyoshi. A wannan shekara ce majalisa ta sake doka, ta cire maganar launin fata daga sharuɗan zama ɗan ƙasa. Ya nemi takardar, amma ciwon daji ya riga ya kama shi. Ya rasu ran 14 ga Mayu 1953, takardar ba ta fito ba, bayan shekara 47 a ƙasar. Cikin 1954 aka yi babban nunin ayyukansa a Tokyo.

Obata shi ya ga abin da Kuniyoshi bai gani ba. Jami'a ta mayar da shi aikinsa cikin 1945, ya koyar har ya yi ritaya cikin 1954, a shekarar kuma ya karɓi takardar ɗan ƙasa yana kusa da saba'in. Sauran shekarunsa ya yi su yana kai Amurkawa ziyara Japan, yana nuna musu lambuna da tsofaffin gine-gine, har Sarkin Japan ya ba shi lambar girma cikin 1965. Ya rasu cikin 1975. Sai cikin 1988 gwamnatin Amurka ta amsa laifin tsare mutanen nan, Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar neman gafara, aka ba kowane wanda ya ke da sauran rai dala 20,000. Obata da yawancin tsararsa ba su kai ba.

Cikin 2015 gidan nunin zanen Amurka na Smithsonian da ke Washington ya sake tara ayyukan Kuniyoshi ya nuna. Daga 2018 kuma aka zaga da na Obata birane huɗu na Amurka, da sunan nunin da ke kiransa Ba'amurke mai zanen zamani. Cikin 2019 aka ƙetara teku da su, aka rataye su a gidan nuni na lardin Okayama, inda aka haife shi.